Talibambam a Ɗakin Baba

Kifi ne ya ciji Baba, amma ba kifin ne ya raba shi da hannunsa ba. Shi kifi abin da aka kai bakinsa yake ciza. Mutanen gidan ne suka yi aikin, kuma har yau babu wanda ya yarda ya yi wani abu.

Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya kawo kifin gidan a cikin wani farin akwati, ma'aikata biyu na riƙe da shi kamar sun ɗauko majinyaci. Aka zuba shi a tankin gilashi a falo. Baba ya dogaro sandarsa ya zo ya leƙa. Shekara arba'in ya yi yana su kafin gwiwoyi da ciwon suga su zaunar da shi a gidan ɗansa, don haka kallo ɗaya ya ishe shi.

"Talibambam ne," ya ce. "Mu in ya faɗo mana a koma jefar da shi muke. Ba a cinsa, dafi ne da shi, ga yankan koma."

Injiniya ya yi dariya. "Baba, wannan ba irin naku ba ne. Daga wata ƙasa aka kawo shi, a jirgin sama. In ya girma zai kai tsawon hannuna."

"To, ya riga ni shiga jirgi."

Matar Injiniya ta ƙyalƙyale da dariya har tana riƙe ciki. Ranar kowa ya yi dariya, har da Baba.

Kifin yana da kyau, ba a hana shi ba. Cikinsa rawaya, bayansa da zane mai kewaye-kewaye kamar an zauna an tsara shi, idanunsa ja-ja kowanne na juyawa inda ya ga dama. Bakin ne abin tsoro: haƙora huɗu manne da juna kamar bakin aku. Injiniya ya raɗa masa suna Ciyaman. In ya dawo daga aiki, tankin yake fara zuwa ya gaishe da Ciyaman, sannan ya ɗago wa Baba hannu daga nesa.

Wata bakwai kifin ya ninka kansa, har juyawa ta fara yi masa wuya. Aka yo sabon tanki mai tsawon taku uku. Sai aka ce falo ba zai yi ba, rana na shigowa ta taga tana kawo gansakuka, ga ƙarar talabijin na firgita Ciyaman. Ɗaki ɗaya ne a gidan mai sanyi, mai shiru, kusa da famfo. Ɗakin Baba.

"Na ɗan lokaci ne, Baba," in ji Injiniya. Bai zauna ba, a tsaye ya faɗa, yana duba wayarsa. "Da zarar na yi gini a baya za ka dawo."

"Ni kuma ina zan koma?"

"An gyara maka ɗakin baya. Ka ma fi samun sakewa a can, ba mai damunka."

Ɗakin baya sito ne. An kwashe buhuna da tsofaffin tayoyi an tura su gefe, aka saka katifa. Taga ɗaya ce, ita ma tana kallon janareto. In an ɗauke wuta, hayaƙin ta nan yake shigowa, kuma ba a kashe janareton ko na minti ɗaya saboda na'urar da ke ba kifin iska. Baba ya ɗauki tabarmar sallarsa da rediyonsa da ledar magungunansa ya koma. Gidansa na bakin kogi an sayar tun rasuwar uwar yaran. Ba shi da inda zai yi fushi ya tafi.

Daga ɗaki sai aiki ya biyo baya. Irin wannan kifin ɓarna gare shi, sai an canja rabin ruwan tankin sau biyu a mako. Ruwan famfo kuma ba a zuba shi kai tsaye, sai ya kwana a durom a bayan gida, maganin da ke ciki ya fita. Da farko mai gadi ke yi. Wata rana ya wanke hannu da sabulu ya tsoma a tankin, Ciyaman ya kwana biyu bai ci abinci ba, aka kori mai gadin daga ɗakin har abada. Matar gidan kuwa tun farko ta cire kanta.

"Ni wallahi tsoronsa nake ji, Baba. Bina yake da ido kamar mutum."

Injiniya ya samu Baba a sito. "Baba, ai kai ne ka san kifi. Waɗannan duk jahilai ne, kashe min shi za su yi. Kuma likita ya ce ka riƙa motsa jiki, zaman nan ne ke ƙara maka suga."

"Bokiti nawa ne?"

"Ba yawa. Zan sa mai gyaran famfo ya ja tiyo daga durom ɗin, kwanan nan."

Bokiti talatin da biyu ne fita, talatin da biyu shiga. Baba ya ƙirga su da gwiwoyinsa. Yakan fara da hantsi ya gama bayan azahar, yana hutawa a kan matakala bayan kowane bokiti huɗu. Sannan ya naɗe hannun riga har kafaɗa ya goge gilashin ta ciki, ya tsince ɓawon da kifin ya tofar a cikin yashi. Doka kuma ta hau kansa: ba sabulu kafin aiki, ba man shafawa, ba man zafin da yake murza wa yatsunsa. Safar hannu ma Injiniya ya hana, wai warin roba na ɓata ruwa. Hannuwan Baba suka bushe suka tsattsage kamar bakin tafki da rani.

Mai gyaran famfo bai zo ba. In Baba ya tuna masa, sai ya ce, "Ina sane, Baba. Abubuwa ne suka yi min yawa."

Sai maganar abinci. Haƙoran talibambam ba sa daina tsiro, sai yana fasa abu mai tauri suke cinyewa. Dodon koɗi yake so, da ƙaguwa. Akwai wani kududdufi a bayan layin, inda ruwan unguwa ke taruwa. Kullum da safe Baba zai ɗauki gwangwani ya tafi can, ya sunkuya a cikin taɓo yana lalube. Maƙwabta na wucewa a mota suna gaishe shi, wasu na kau da kai don kunya. Wani mai shago ya taɓa ce masa, "Baba, sana'a aka koma ne?" Ya ce, "Ciyaman ne bai karya ba."

Abin da ya fi ba shi haushi, kifin ya saba da shi. Da ya ji takun sandarsa zai taso gaban gilashi yana kaɗa 'yan fikafikansa, yana feso ruwa sama. Baba kan ja kujera ya zauna a inda gadonsa yake a da, ya ce, "Kai ma ba kai ka ce a kawo ka ba. Kogi ya fi maka nan. Ni ma haka." Duk gidan babu wanda yake magana da shi mai tsawon wannan.

Wata Asabar abokan Injiniya suka zo kallo. Aka kira Baba ya jefa ƙaguwa su ji ƙarar fasawar. Suka yi ta mamaki suna ɗaukar hoto. Wani mai tumbi ya dubi Baba, da rigarsa jiƙe da taɓo a ƙafar wando, ya ce, "Injiniya, a ina ka samo wannan dattijon? Ni ma ina neman irinsa ya kular min da tsuntsayena."

Baba ya tsaya da gwangwani a hannu, yana jira.

Injiniya ya yi murmushi. "Ai irinsa ba a samu."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Baba ya ajiye gwangwanin ya fita.

Da rani ya yi nisa kududdufin ya ƙafe. A daidai lokacin zazzaɓi ya kayar da Baba, ya yi makonni yana tashi yana komawa. Matar gidan ta riƙa tsayawa daga nesa tana wurga wa kifin tsokar nama, abu mai laushi. Kafin Baba ya miƙe sosai, haƙoran Ciyaman sun zarce har bakin ba ya buɗuwa yadda ya kamata. Zai zo kan abinci ya dungure shi ya koma. Cikinsa ya fara lotsawa.

Ranar da Injiniya ya lura da haka ya shigo sito, karo na farko tun da Baba ya kwanta.

"Baba, ka ga abin da sakaci ya jawo? Da ka faɗa min kududdufin ya ƙafe ai da na sa an nemo."

"Na faɗa wa matarka."

"Ni ban ji ba," ta amsa daga bakin ƙofa. "Wataƙila cikin zafin zazzaɓi ka yi zaton ka faɗa."

Injiniya ya kalli yadda ake yi a waya. Ana ɗiga man kanumfari a ruwa, kifin ya yi barci, a datse haƙoran da ƙaramin awartaki. Sharaɗi ɗaya ne: ba a fito da shi daga ruwa, don in ya kumbura da iska yana iya mutuwa. Dole wani ya riƙe shi a ƙarƙashin ruwa da hannu biyu, ya buɗe leɓen.

Da safiyar Lahadi aka juye kifin a babban baho. A wayar an faɗi yawan ɗigon da za a sa. Injiniya ya sa rabi, ya rufe kwalbar.

"Ƙara," in ji Baba.

"In ya yi yawa ba zai farka ba."

Suka jira. Kifin ya karkata gefe, fikafikan suka rage kaɗawa.

"Ya yi. Kama shi, Baba."

Baba ya durƙusa ya duba. "Bai yi ba. Dubi idon, bina yake. Kifin da ya tafi idonsa tsayawa yake."

"Baba, wayar ta ce in ya karkata ya yi."

"Wayar ta taɓa kama kifi?"

"Don Allah Baba kar ka ɓata min lokaci, maganin zai sake shi. Kama kawai."

Baba ya dubi ɗansa. Ya san abin da ya gani a idon kifin, ya san kuma in ya ƙi, kifin ya mutu, a kansa za a ɗora har ƙarshen ransa. Ya yi bisimilla ya tsoma hannu. Ya tallabo cikin da hagu, ya kai manuniyar dama ya ja leɓen ƙasa. Awartakin na taɓa haƙorin, kifin ya zabura.

Ƙarar cizon irin ta fasa ƙaguwa ce. Baba ya fizge hannunsa, ruwan bahon ya koma ja. Kan yatsan ya tafi, ƙashi a waje.

Kifin kuma ya taso sama ya haɗiyi iska, ya kumbura kamar ƙwallo, ya kife yana yawo ciki a sama.

"Ya sha iska! Kawo ruwa mai kyau, yi sauri," Injiniya ya daka wa matarsa tsawa. Ya danna kifin ƙasa da raga yana jujjuya shi don iskar ta fita. Matar ta yi ta gudu da bokiti, ita da ba ta taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Baba na zaune a ƙasa, jingine da bango, ya damƙe yatsan da gefen rigarsa, jini na bin gwiwar hannunsa. Sun fi rabin awa a kan kifin. Sai da ya saki iskar ya koma daidai, Injiniya ya share gumi ya waiwayo.

"Alhamdu lillahi, ya tsira. Baba, ya hannun? Ai da ba ka fizge ba da bai kai haka ba."

Ba a je asibiti ba. Lahadi ce, in ji Injiniya, layi zai yi yawa, kuma ba zai iya barin Ciyaman a wannan halin ba. Aka kira mai kemis na bakin titi, ya wanke, ya zuba aidin, ya naɗe da bandeji, ya ba da ƙwayoyi. Yana haɗa kayansa ya ce, "Yallaɓai, mai suga ne fa. A kai shi asibiti gobe. Kuma kar ruwa ya taɓa shi."

"In sha Allahu," in ji Injiniya.

Gobe ta zo, yana da taro a wurin aiki. Jibi mota na wurin bakanike. Rana ta uku ruwan tankin ya fara duhu, kifin da bai gama farfaɗowa ba ya kwanta a ƙasa.

"Baba, ko rabin aikin ne ka taimaka. Ka ɗaura leda a hannun."

"Ka ce roba na ɓata ruwa."

"Na yau dai ba komai."

Ledar ba ta hana komai ba. Ruwan ya shiga, bandejin ya jiƙe da ruwan kashin kifi, ya bushe a jikinsa. Da hagu Baba yake ɗaukar bokiti, amma goge gilashi da tsince ɓawo sai da dama, don da hagun yake dafe bakin tankin kar ya faɗa ciki.

Yatsan ya kumbura, sannan tafin hannun. Kaluluwa ta fito masa a hammata. Ya nuna wa matar gidan a ƙofar kicin.

"Sannu Baba. Ka bari ya dawo ka nuna masa, ni ganin ciwo tayar min da zuciya yake."

Ya nuna wa Injiniya da yamma.

"Kumburin warkewa ne, Baba. Ka ci gaba da shan ƙwayoyin. Ran Asabar zan kai ka da kaina."

Autar Baba, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta kira a waya. "Baba, muryarka wani iri. Lafiya kuwa?" Ya dubi hannun da ke kan cinyarsa, ya yi baƙi har wuyan hannu. Ya tuna in ya faɗa, za ta kira yayanta ta zazzage masa, su ɓata, kuma shi ne dai zai kwana a gidan. Ya ce, "Mura ce, Auta. Ya yaran?"

Ran Asabar wasu baƙi suka zo ganin yadda aka yi wa Ciyaman gyaran haƙori. Ba a kira Baba ba. Matar gidan ta kunna turare a tsakar gida, ta ce da mijinta ƙasa-ƙasa, wani wari na fitowa daga sito, ko ɓera ne ya mutu a bayan tayoyin.

Rana ta goma sha ɗaya aka tsince shi a kan matakala, bokiti ya kife a gefensa, jikinsa kamar garwashi, yana kiran sunayen abokan sunsa da suka daɗe da mutuwa.

Likitar da ta kwance bandejin ta ɗan ja baya. Ta dubi Injiniya.

"Kai ne ɗansa? A gida ɗaya kuke?"

"E, likita."

"Kwana nawa da ciwon?"

"Kamar... mako ɗaya da wani abu. Kin san tsofaffi, ba sa faɗa. Ga taurin kai, mun hana shi taɓa ruwa ya ƙi ji. Tsohon masunci ne, ba ya iya zama bai taɓa kifi ba."

Baba na kwance, idonsa a rufe, amma yana ji. 

"Da ranar kuka kawo shi, ɗinki ne da allura," in ji likitar. "Da kun kawo shi rana ta huɗu, yatsa ɗaya ne. Yanzu ko hannun, ko shi. Sa hannu a nan."

Injiniya ya sa hannu. Ya yi kuka a barandar asibitin, har mutane suna ba shi haƙuri, suna cewa Allah ya ba kowa ɗa mai tausayin uba irin wannan. Ga dangi kuwa labari ɗaya aka ba kowa: suga ce ta ci hannun Baba. Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, shi ya sa ya zauna.

Bayan mako uku aka sallamo shi. Yana shigowa tsakar gida ya ga wani shuɗin tiyo ya taso daga durom, ya bi jikin bango, ya shige ta tagar tsohon ɗakinsa. A gindin durom ɗin ga ɗan ƙaramin inji.

Injiniya ya ga inda yake kallo. "Ka gani, Baba? Ba sauran ɗaukar bokiti. Maɓalli kawai za a danna. Mai gyaran famfo ya zo washegarin da aka kwantar da kai, kafin azahar ya gama."

"Kafin azahar," in ji Baba.

"Wallahi. Ashe abin ba wuya."

Ya kama Baba ya kai shi ɗakin, ya zaunar da shi a kujerar gaban tankin. Ya ɗauko wani dogon awartaki na ƙarfe mai sheƙi, sabo a ledarsa, ya saka masa a hannun hagu, ya ajiye gwangwanin dodon koɗi a kan cinyarsa.

"Tun da ka tafi ba ya cin na kirki, ya ƙi karɓa a hannun kowa. Da hagu ma za ka iya, Baba. Zai ɗebe maka kewa."

Ya fita amsa waya.

Kifin ya taso daga kan yashi, ya zo gaban gilashi yana kaɗa fikafikai, yana feso ruwa. Duk gidan shi kaɗai ya nuna ya san Baba ya yi tafiya. Ya zagayo ɓangaren dama, inda ya saba ganin hannu na saukowa da abinci, ya tsaya yana jira. Hannun rigar ne kawai a wurin, an naɗe shi an soke da fil a daidai gwiwar hannu.

Baba ya daɗe yana ƙoƙarin kama dodon koɗi ɗaya da awartakin, yana zamewa yana faɗawa cikin gwangwani. A karo na biyar ya kamu. Ya ɗaga, ya saka a ruwa. Ƙarar fasawar ta cika ɗakin.

Ciyaman ya samu tiyonsa, haƙoransa sun dawo daidai, ɗakin ma nasa ne har yau. Baba ya biya da hannun da ya yi shekara arba'in yana jan koma da shi ya ciyar da Injiniya. Da magariba ta yi ya tashi ya koma sito, ya zauna a bakin ƙofa da buta a tsakanin gwiwoyinsa, yana jiran wani ya wuce ya zuba masa ruwan alwala.